Hedimastan Makarantar Da Ban Taɓa Gani Ba

Shekara uku na yi a gida bayan na gama kwalejin horar da malamai, takardar shaidar koyar da Turanci tana ajiye a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Duk sanda aka ce gwamnati za ta ɗauki malamai sai in goge takalmi in je in cike fom, in dawo in ci gaba da jira. Ban zauna haka kawai ba. Mahaifina yana da gonar shinkafa a fadama, inda kogin Haɗeja ke malala da damina, ni nake taya shi dashe da korar tsuntsu da yanka. Ina son aikin, sai dai ba don shi aka sayar da sa aka kai ni makaranta ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani abokin mahaifina ya riƙe hannuna. Alhaji muke ce masa duk unguwa. Ya daɗe yana fataucin bandar kifi, yana saye wajen masuntan Guri yana lodi zuwa kudu, har ya gina gidan bene. Da ciyawar kacala ta cinye ruwa kifi ya ja baya, shi kuma ba mutum ne mai zama ya zuba wa kasuwa ido tana mutuwa ba. Ya lura duk wanda ya ɗan samu a garin, daga mai shagon waya har direban tifa, burinsa ɗansa ya iya Turanci. Sai ya share tsohon siton kifinsa, ya yanka shi ɗaki-ɗaki da bulo, ya shafa fenti, ya zama makarantar kuɗi.

"An ce kai Turanci ka karanta," in ji shi.

"Haka ne, Alhaji."

"To, yi mini in ji."

A nan ƙofar masallaci, mutane suna neman takalmansu, na yi masa bayanin yadda ake dashen shinkafa da Turanci. Ko kalma ɗaya bai gane ba, amma ya karkata kai yana saurare kamar mai gwada lafiyar inji. Da na gama ya ce, "Ya yi. Naka ba ya sarƙewa. Ka zo ranar Litinin, ka taho da takardarka ta asali."

Na kai masa. Ya ce za a yi mata fotokwafi, sai da ta yi sati biyu a hannunsa kafin ya mayar mini. Ban kawo komai a raina ba. Murnar samun aiki ta ishe ni.

Makarantar tana da allon suna mafi girma a layinmu, da suna mai kalmomin Turanci biyar waɗanda Alhaji ya tsinto daga allunan makarantun Kano. A ciki kuwa, in rana ta take, bango yakan fitar da ƙaurin banda duk da fentin. Yunifom har da laktaye, kuma ba a samunsa sai a shagon uwargidan Alhaji. Littattafai ma ba a sayo su a kasuwa, akwai shago guda da aka yarda da shi, daga baya na ji na ƙanin wani babba ne a ofishin ilimi. Yaron da ya yi Hausa a harabar makaranta tara ake cin sa. Ƙarshen shekara a yi wa 'yan nazare bikin yaye, a sa musu riga da hula irin ta masu digiri, iyaye su biya haya su ɗauki hoto.

Duk da wannan, na ji daɗin koyarwa fiye da yadda na zata. Aji huɗu aka ba ni. In na rufe ƙofa sai in ce wa yara, a nan ciki babu tara, duk wanda bai gane ba ya tambaya da Hausa. Muna ɗaukar abin da suka sani mu sa masa Turanci: kwalekwale, taru, injin ban ruwa, kasuwar kifi. Ranar da wata yarinya mai yawan shiru ta miƙe ta ba da labarin yadda akuyarsu ta faɗa rijiya, jimla bakwai a jere ba tare da na taimaka mata ba, da ƙafa na koma gida don in daɗe ina jin daɗin abin. A shekarar na yi aure, na sayi babur na hannu, rayuwa ta fara zama daidai.

A farkon shekarata ta biyu aka ce sufeto zai zo duba makaranta. Ana gobe zai zo sai ga amalanke biyu. Ɗaya ɗauke da bencuna, ɗaya da kwalaye cike da littattafai da wani ƙwallon taswirar duniya. Muka jera littattafan a ɗakin da mai gadi ke kwana, aka liƙa takarda a ƙofa cewa laburare ne. Na tambayi mai turin amalanken daga ina kayan suke, ya ce daga makarantar bayan tasha, kuma jibi zai kwashe su zuwa wata a hanyar Birniwa. Ashe masu makarantun kuɗi na garin ne suka haɗa hannu suka saya, kayan suna gaba sufeto yana biye.

Sufeton dattijo ne mai fara'a, ya kusa ritaya. Bai shiga aji ko ɗaya ba. Ya leƙa laburaren, ya juya ƙwallon taswirar da yatsa yana murmushi, ina jin ya gane shi sarai. Aka shimfiɗa masa darduma a ofis, aka kawo shinkafa da farfesun tarwaɗa, direbansa kuma ya buɗe but ɗin mota aka saka kwalin banda. Da zai tafi aka jera mu malamai muna gaishe shi, yana duba sunayenmu a fayil. Da ya zo kaina sai ya ɗaga gira.

"Af, ashe kai ne! Yaya mutanen bayan Auyo? Ruwa bai shiga makarantar taka ba bana?"

"Wace makaranta, ranka ya daɗe?"

"Wadda kake hedimasta mana."

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce rana na yi, ga hanya. Sufeto ya dube shi, ya dube ni, ya rufe fayil ɗinsa ya shiga mota.

Da la'asar na sami Alhaji a ƙofar gidansa yana zaune a kan tabarma. Bai ɓoye mini komai ba, don bai ga abin ɓoyewa a ciki ba. Ya ce doka ta ce ba a ba makaranta lasisi sai tana da shugaba mai takardar koyarwa. Shi yana da hanya a ofis, mutanen ƙauye ba su da ita. Sai wanda yake son buɗe makaranta a ƙauye ya zo wurinsa, ya sa ta a matsayin reshen tasa, ya haɗa takardu, a buga hatimi, mai makarantar kuma ya riƙa kawo masa wani abu duk zango. Bai gina musu aji ba, bai ba su malami ba, suna kawai ya ba su. Takardata tana riƙe da makarantu biyu, ɗaya a bayan Auyo, ɗaya a wajen Guri.

"Amma Alhaji, ba ka tambaye ni ba."

"Malam, me ya ragu a jikin takardar? Ba ga ta nan a akwatinka ba? Kana nan kana aikinka, ita ma tana can tana nata."

"In wani abu ya faru a can, ni za a nema."

"Wa zai neme ka? Shi wanda zai neme ka ɗin ai yanzu ya tashi daga cin farfesu."

Ya faɗi haka ne ba da izgili ba, kamar mai gaya wa yaro inda rana ke fitowa.

Washegari na tafi ofishin ilimi. Na tarar da akawu guda yana gyangyaɗi a ƙarƙashin fanka mara motsi. Ya saurare ni da kyau, har ya tausaya mini, ya ce in rubuta koke kwafi uku. Na ce wa zan rubuta wa? Ya ambaci muƙamin sufeton da ya zo mana jiya. Muka dubi juna, shi ya fara dariya, ni ma na kasa riƙe tawa. Na fito ban rubuta komai ba.

Matata ce ta ba ni shawarar da na bi. Ina ta faɗa a tsakar gida tana tsince shinkafa, sai ta ce, "Malam, kai da ko ganin wurin ba ka yi ba. Ka je mana ka ga abin da ake yi da sunanka, sannan ka san irin fushin da za ka yi."

Ranar Laraba na nemi izini na kama hanya. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika fadama. Na wuce Auyo a kan babur har inda hanya ta nutse, na bar shi wajen wani mai shayi na shiga kwalekwale tare da mata biyu da buhun taki. Shinkafa ta yi kore shar hagu da dama, balbelu suna bin gefen ruwa, mai tuƙi yana ratsa kacala ta wata 'yar hanya da masunta suka sare. Na fito da niyyar faɗa, amma kafin mu kai gaci rabin fushin ya zube.

Makarantar ɗaki biyu ce na ƙasa da rumfar zana a gefe. Tun daga nesa nake jin yara suna rera Turanci da ƙarfi, suna maimaita jimla ɗaya. Wata mata ta fito tana goge alli a gefen hijabinta. Za ta girme ni da shekara goma ko fiye. Ita ce mai makarantar, ita ce kuma malama, sai wata ƙanwar mijinta da ke kula da ƙanana. Da na faɗi sunana sai fuskarta ta sauya.

"Rufe mu ka zo yi, Malam?"

"Gani na zo yi tukuna."

Ta kai ni ɗakin farko. Ga sunana a bango an rubuta da fenti, a ƙasa an sa hedimasta. Ta ce an gaya mata ina Kano ina ƙarin karatu, abin da take gaya wa iyaye ke nan. Ta gama sakandare tun kafin aure. Mijinta masunci ne, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Firamaren gwamnati ta ƙauyen iska ta yaye rufinta shekarun baya, malaminta guda yana zuwa ne in hanya ta bushe. Iyaye suka roƙe ta ta koya wa yaransu, ta fara a zauren gidansu. Sai wani jami'i ya zo ya ce makaranta mara lasisi haramtacciya ce, ko ta rufe ko ta nemi rajista. Shi ne kuma ya nuna mata gidan Alhaji.

Na dubi allo. A jimla biyar da ta rubuta, uku akwai kuskure. Na tambayi wani yaro ma'anar abin da suke rerawa, ya sunkuyar da kai. Amma ɗakin a share yake tas, kowane yaro da littafinsa an duba an sa hannu, rajistar halarta ba ranar da aka tsallake. Ta ga inda idona ya tsaya.

"Na san akwai gyara," in ji ta. "Abin da aka koya mini nake ba su, shi ma ya daɗe. In ka ga kuskure ka gyara mini a gabansu, ba zan ji kunya ba. Gara su ga an gyara ni da su tafi da shi a kansu."

Na karɓi alli. Awa biyu na yi a ajin nan. Kafin in fito labari ya zaga gari cewa hedimasta ya dawo daga Kano. Dattawa suka zo gaisuwa, wani ya kawo soyayyar karfasa a kwano, wani ya ce sun daɗe suna sa ni a addu'a Allah ya ba ni sa'ar jarrabawa. Na rasa bakin da zan ce musu ban taɓa sanin akwai su ba. Na ci kifin, na yi godiya, na ce sai wani satin.

Na koma wurin Alhaji da magana biyu. Ta farko, ya cire sunana daga makarantar Guri, tunda ba zan iya raba kaina uku ba. Ta bayan Auyo kuma, tunda ni ne hedimasta, zan riƙa zuwa duk Laraba, kuma ba za a taɓa albashina ba. Ya saurare ni yana jan carbi. Na ƙara da cewa in bai yarda ba zan ɗauke takardata in koma gona, ya nemi wani mai Turancin da ba ya sarƙewa. A lokacin iyayen aji huɗu sun fara yaba ni a gari, ya kuwa sani.

"Man babur fa?" ya tambaya.

"Kai za ka zuba."

"Rabi."

Muka shirya a kan rabi. Sunana ya fita daga takardun Guri a cikin sati, aka maye gurbinsa da na malamin lissafinmu, wanda ya ce shi bai damu ba in dai za a riƙa ɗan tuna shi. Na roƙi Alhaji ya daina karɓar abin da yake karɓa a hannun matar nan, ya ce wannan ba nasa ne shi kaɗai ba, akwai masu rabo a sama. Ban ci nasara a nan ba.

Shekara biyar na yi ina wannan tafiya ta Laraba, kuma a duk shekarun aikina babu waɗanda nake tunawa da daɗi kamar su. Da damina kwalekwale, da rani babur har ƙofar aji ta kan busasshiyar laka. Na san masu tuƙi, na san wane lungu ne ake samun agwagin ruwa, na san lokacin da makiyaya ke sauko da shanu su tare hanya sai ka kashe inji ka jira. Da safe in koyar da yara ita tana zaune a benci na baya da littafinta, bayan azahar kuma mu zauna a rumfa ni da ita da ƙanwar mijinta mu bi darasin sati mai zuwa. Kanta yana ja ƙwarai. Abin da na faɗa sau ɗaya ba na maimaitawa. Wani lokaci takan kawo tambayar da sai na koma gida na buɗe ƙamus.

Ni ma na koya a wurinta. Ita ta nuna mini cewa in tsuntsu ya sauka a shinkafa, kada in yi faɗa don aji ya zama rabi, yaran suna gona suna kora. Sai ta mayar da darasi bayan la'asar na 'yan makonnin nan. Ba a koya mana wannan a kwaleji ba.

A shekara ta biyu na kawo mata fom na karatun malanta na ƙarshen mako. Ta yi ta jan ƙafa, wai ta tsufa da zama a aji. Surukarta ce ta ce ta tafi, ita za ta riƙe yaran. Ta yi shekara uku tana zuwa Haɗeja duk Asabar, wani lokaci ta kwana a gidanmu, ita da matata suka shaƙu har ta zama kamar yayarta. Ranar da sakamako ya fito ta zo da takardar a cikin leda biyu don kada ruwa ya taɓa ta, ta miƙa mini da hannu biyu ta ce in karanta mata da ƙarfi, ko da yake ta riga ta karanta ta fi sau goma a hanya.

Da takardarta a hannu ta nemi lasisin kanta. Fayil ɗin ya shiga ofis ya kwanta. Tsohon sufeto ya yi ritaya, sabon da ya zo matashi ne mai kwamfuta, muka sa rai. Ya ce a kawo hoton filin wasa da na laburare da na banɗaki huɗu. Muka kai abin da muke da shi, aka ce bai cika ba. Makarantar Alhaji da ke cikin siton kifi kuwa ko filin da za a shanya tabarma ba ta da shi, kuma lasisinta sabo ful. Bayan kusan shekara ana kai da kawo, akawun nan mai gyangyaɗi ya ja ni gefe ya ce, Malam, shinkafarku ta fadama ana yabonta a gidan oga.

Ba zan ce ban san abin da na yi ba. Iyayen yara suka haɗa buhu guda, ni na ɗaure shi a bayan babur na kai har gida. A hanya ina ta ba kaina hujja, a dawowa na daina. Cikin sati biyu lasisi ya fito da sunanta. Alhaji bai ji daɗi ba, ya yi kwana biyu yana amsa gaisuwata a taƙaice, daga baya ya sake. Ya ce ai ƙauyuka ba su ƙare ba.

Ba a daɗe ba gwamnati ta ɗauke ni aiki, aka tura ni wata sakandare a cikin gari, inda nake har yau. Na yi sallama da Alhaji lafiya, har ya ba ni turmin shadda. Makarantarsa tana nan ta ƙara bene, yanzu har da sashen sakandare. Mahaifina ya tsufa, gonar fadama ta dawo hannuna, in na tashi daga makaranta can nake wucewa.

Bara da kaka na kai ziyara ƙauyen. Ɗakuna sun zama huɗu, biyu na bulo da rufin kwano, ta ɗauki malamai biyu 'yan garin. Ta ce tunda na zo sai na shiga aji shida. Na ba su labari da Turanci na wani manomi da ya sayi injin ban ruwa mara kyau, na tsaya a tsakiya na ce su ƙarasa. Hannuwa suka tashi. Wata ta ce ya mayar wa mai shago, wani ya ce a'a, ya kai wa bakanike a Auyo, suka kama gardama da Turancinsu mai karyewa yana tashi, har aka buga ƙararrawa ba su yarda sun fita ba. Malamar tana tsaye a bakin taga tana dariya.

Muka ci dambun shinkafa a rumfa tare da dattawan da suka rage, aka yi hirar farashin taki da ruwan bana. Da rana ta yi sanyi na yi musu sallama na hau babur, don ina so in biya ta gona in ga ko masu yanka sun gama gefen gabas kafin magariba.